Bara ɗaya, iyayen gida biyu: bin sawun wasan da fursunonin Sidni suka yi a 1796

Da layi ɗaya muka fara. David Collins, alƙalin mulkin mallakar Ingila a Sidni ta Ostireliya, ya rubuta a littafinsa da aka buga a Landan a 1798 cewa ranar Asabar 16 ga Janairu 1796 wasu fursunoni maza da mata sun buɗe gidan wasan kwaikwayo da izinin hukuma. Wasa biyu suka yi a daren. Na farko The Revenge na Edward Young, wasan ban tausayi na 1721, wanda masu nazarin adabin Ingilishi suka sani. Na biyu ɗan gajeren wasan barkwanci mai suna The Hotel, wato masauki, wanda ya daɗe da ɓacewa daga dandamali. Wannan na biyun muka bi, da niyyar gano tushensa, sannan mu ɗora shi da irin kayan da waɗancan mutane za su iya samu a hannunsu, ba lantarki, ba lasifika.

A Ingila ta ƙarni na 18 ba a sallamar 'yan kallo da wasa ɗaya. Akan yi babban wasa mai kashi biyar, sannan a rufe taro da gajeren abin dariya mai kashi ɗaya ko biyu. Fursunonin Sidni wannan tsari suka ɗauko yadda yake. Takardar tallan wasansu ta 30 ga Yuli 1796, wadda ita ce bugu mafi tsufa da ya rage daga Ostireliya, ta nuna haka: wasan ban tausayi Jane Shore a sama, ƙananan abubuwan nishaɗi biyu a ƙasa. A Kanada aka tsinci takardar, aka mayar da ita Ostireliya a 2007. Sanin wannan tsari shi ya ba mu ma'aunin farko, cewa abin da za mu gina bai kamata ya wuce awa guda ba, kuma an tsara shi ne don mutanen da suka riga suka gaji da zama.

Matsala ta farko ita ce wasanni biyu ne ke da sunan The Hotel a lokacin, Collins kuma gajeren sunan kawai ya rubuta. Akwai na Thomas Vaughan, wanda aka fara yi a gidan wasa na Drury Lane a Landan a ƙarshen 1776, shi ya mayar da labarin cikin Landan. Akwai na Robert Jephson, ɗan Ireland, wanda aka yi a Dublin a 1783, shi kuma ya kai labarin Sifen, ya sa wa baran suna Lazarillo. Daga baya aka gyara na Jephson aka sauya masa suna zuwa Two Strings to Your Bow a gidan wasa na Covent Garden a Landan a 1791. Wanda ya nemi rubutun Jephson da tsohon sunan kawai zai sha yawo, domin da sabon sunan aka fi sake buga shi.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne duka biyun ruwa ɗaya suka sha. Tushensu wasan Carlo Goldoni ne, mutumin Venice a Italiya, game da bara mai iyayen gida biyu. Goldoni yana aikin lauya a garin Pisa a wajen 1745 lokacin da ɗan wasa Antonio Sacchi, gwani a matsayin Truffaldino, wato bara mai barkwanci, ya roƙe shi ya tsara masa labarin. Shi ma ba daga iska ya ɗauko ba, akwai tsarin wani wasa na wani Bafaranshe mai suna Mandajors da 'yan wasan Italiya suka yi a Faris a 1718, a kansa ya gina. Da farko ƙashin labari kawai ya rubuta, ya bar wa 'yan wasa su cika maganar barkwancin da kansu a dandamali, irin yadda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Hausa da yawa suka saba aiki, a ba ka matsayi da inda labari zai nufa, baki kuma naka ne. Sai a 1753 aka buga cikakken rubutun. Goldoni ya rasu a Faris a 1793 cikin talauci, shekara uku kafin a yi jikan wasansa a ɗaya ƙarshen duniya.

Akwai tarko biyu kuma da ya kamata mai bin wannan sawu ya kauce wa. Na ɗaya, wata waƙar buɗe taro da ake yawan dangana wa George Barrington, shahararren ɗan sane da aka kora zuwa Sidni, wadda a cikinta fursunoni ke kiran kansu masu kishin ƙasa da suka bar ƙasarsu don amfanin ƙasarsu. Littattafai da dama sun ce an rera ta a daren buɗewa. Ba a Sidni aka rubuta ta ba. Wani Henry Carter na garin Leicester a Ingila ne ya tsara ta bayan shekaru, don haka ba mu sa ta ba. Abin da Collins ya tabbatar shi ne taken ƙungiyar, mai ma'anar cewa nasara ba a hannunsu take ba amma za su yi ƙoƙarin cancantarta, kuma shi muka rubuta a saman dandamali. Tarko na biyu shi ne cakuɗa 1796 da 1789. Wasan farko a Sidni an yi shi ranar 4 ga Yuni 1789, The Recruiting Officer na George Farquhar, don bikin haihuwar Sarki George na Uku, a cikin bukkar fursuna mai bangon laka. Hafsa Watkin Tench ya ce adon wurin bai wuce yadi uku ko huɗu na takarda mai launi da kyandir dozin ɗaya mafi araha ba, 'yan kallo kuma kimanin 60. Na 1796 gini ne na musamman da ya ci sama da fam 100, a zamanin Gwamna John Hunter, kuma ana danganta shi da Robert Sidaway, mai gasa burodi da ya zo a fursuna da jiragen farko a 1788. Manajan wasa John Sparrow ne. Duk wannan a ƙasar mutanen Gadigal, 'yan asalin wurin, ake yi, waɗanda annobar agana ta 1789 ta kashe da yawansu, kuma bai dace mai ba da labarin gidan wasan ya tsallake wannan ba.

Da muka jera rubutun ukun, sai muka yanke shawarar gina namu a kan ƙashin Goldoni da sunayensa, amma a kashi biyu kamar yadda Vaughan da Jephson suka yi. Labarin dai shi ne: Beatrice ta sa kayan maza ta ɗauki sunan ɗan'uwanta Federigo da aka kashe a Turin, ta zo Venice neman masoyinta Florindo, wanda ya gudu saboda kisan. Federigo kuwa an yi masa baiko da Clarice 'yar Pantalone, da labarin mutuwarsa ya zo aka ba Silvio ita, ga shi yanzu "mamacin" ya bayyana. Baran Beatrice, Truffaldino, yunwa ta ishe shi, sai ya karɓi aiki wurin wani baƙo don ya ci albashi biyu da abinci biyu. Baƙon Florindo ne, kuma masauki ɗaya suka sauka.

Cikakken wasan ya fi awa biyu. Hanyar yankan da ta yi mana aiki ita ce a rubuta kowane kuskuren baran a ƙaramar takarda, a jera, a ga wanne ne ke haifar da na gaba. Shida suka tsaya: kiran ubangidan da ba shi ake nema ba lokacin da Silvio ya zo da faɗa, cakuɗa wasiƙu daga gidan waya, miƙa jakar kuɗi ga wanda ba nasa ba, yaga takardar biyan kuɗi don nuna wa mai masauki yadda za a jera faranti, hidimar abinci ga ɗakuna biyu, da cakuɗa kayan akwatuna. Duk fitowar da ba ta taɓa ɗaya daga cikin shidan ba mun cire ko mun mayar da ita jimla biyu a bakin wani. A haka doguwar rigimar dattawan biyu, Pantalone da mahaifin Silvio, ta tafi, haka yawancin kukan Clarice. Yankan farko ya wuce gona da iri, mun cire fitowar da Beatrice ke tona wa Clarice asirinta, sai sauyin halin Clarice ya zama ba dalili. Mun mayar da ita a minti biyu. Jimillar wasa ta tsaya a minti 55, kashi na ɗaya 30, na biyu 25.

Matsayi tara ne manya, maza shida mata uku, sai ɗan dako da masu kai abinci. Collins sunaye shida kawai ya ambata a manyan 'yan wasan Sidni, Green, Sparrow, Fowkes, Hughes, Chapman da wata Mrs Davis, ya ce Green ne ya fi cancanta a kira shi ɗan wasa. Hughes ɗin nan shi ne George Hughes, mai bugun takardun gwamnati da ƙaramin injin katakon da ya zo da jiragen farko. Ƙungiya mai ƙarancin mutane dole mutum ɗaya ya ɗauki matsayi biyu. Wanda ya fi sauƙin ninkawa shi ne mahaifin Silvio, domin ba ya nan a fitowar ɗan dako, ba ya nan a ta abinci. Sauyin kayansa na farko ne mai wuya, daga dattijo zuwa ɗan dako, kuma abin da ke rufe shi shi ne maganar da Truffaldino ke yi shi kaɗai a titi yana kukan yunwa. In aka gajarta wannan magana ƙasa da minti biyu, ɗan dako zai fito da gemun dattijo. Mai masauki ba ya ninkuwa da kowane dattijo, tare suke a fitowar farko.

A wancan zamani ba a raba wa kowa cikakken littafi. Akan kwafe wa ɗan wasa nasa layukan kawai, da kalmomi uku ko huɗu na ƙarshen maganar wanda ya gabace shi, mai tuni, wato mai tuna wa 'yan wasa layinsu, shi kaɗai ke riƙe da cikakken rubutu a gefen dandamali. Haka muka yi, da hannu. Na Truffaldino ya ci shafi 14, na Silvio 4. Amfaninsa ya bayyana tun gwajin farko: wanda bai san tsawon maganar abokinsa ba dole ya saurara, kuma sauraro shi ne rabin barkwanci. Illarsa kuma a wannan wasa ta musamman ce. Kalmomin "ubangidanka" da "nan da nan" suna maimaituwa sosai, sai mutum biyu su ji alamar shigarsu a lokaci guda. Mun bi rubutun mun sauya ƙarshen layi 11 don kada alama ɗaya ta faɗo sau biyu a fitowa ɗaya.

Dandamalin mita 5 ne a faɗi, 4 a zurfi, tsayinsa daga ƙasa santimita 60. In ya fi haka faɗi, guje-gujen baran zai zama tsere maimakon ruɗewa. Bango akoko ne a kan firam ɗin katako, an shafe shi da farar ƙasa da aka dama da ruwan ƙaro, launi kuma jan ƙasa, kunkunniya da shuni. Ƙaro in ya yi yawa fentin zai tsattsage in an naɗe, in ya yi kaɗan zai goge a kafaɗar duk wanda ya jingina. Cokali uku na narkakken ƙaro a lita ɗaya ya yi mana daidai. Bango biyu sun isa, titi da cikin masauki, gidan Pantalone kuma a gaban labule da kujeru biyu.

Ƙofofi su ne injin wasan, kuma a nan muka fi ɓata lokaci. Ana buƙatar uku: ɗakin Beatrice a hagu, na Florindo a dama, hanyar kicin a tsakiya ta baya, wadda labule ya ishe ta. Kuskurenmu na farko shi ne kafa ƙyaure a jikin firam ɗin bango. Bugu ɗaya, duk masaukin ya yi rawa, kyandirin gefe biyu suka mutu. Dole kowace ƙofa ta sami nata firam mai kauri, da tokare biyu ta baya da buhun yashi a kan ƙafarsa, a bar tazarar yatsa tsakaninsa da bango a rufe da ƙyalle. Ƙyauren ya buɗe zuwa ciki, maƙalarsa a gefen da ya fi nisa da 'yan kallo, don in ya buɗe ya tare musu ganin bayan fage. Ba a sa sakata, domin hannun baran biyu a cike suke. Ɗan guntun fata a bakin firam yana riƙe ƙyaure a rufe, kafaɗa kuma tana tura shi. Fitowa ce matsala, tunda ƙyaure mai buɗewa ciki sai an ja. Maganinta igiya ce a ƙasan ƙyauren ta ciki, wanda ke matsayin ubangida shi ke ja wa baransa ba tare da an gani ba.

Haske ya sauya mana fahimtar wasan fiye da kowane karatu. Kyandirin talaka a 1796 na kitse ne. Mun yi namu da kitsen ƙodar tumaki, domin ya fi na shanu tauri, kuma watan Janairu tsakiyar zafi ne a Sidni, kitse mai laushi lanƙwashewa yake. Akan yayyanka shi ƙanana, a narka a wuta kaɗan-kaɗan da ɗan ruwa a gindin tukunya don kada ya ƙone, a tace da ƙyalle, a bari ya daskare, a kankare dattin ƙasa, a sake narkawa. Wanda ya tsallake narkawa ta biyu zai sami kyandir mai wari da tartsatsi. Kilo 4 na ɗanyen kitse ya ba mu kyandir 40, tsawon santimita 20, kaurin 2, kowanne an tsoma shi sau ashirin da wani abu. Lagwanin murɗaɗɗen zaren auduga ne. Kitsattsen lagwani mai lanƙwasa kansa ya cinye a wuta sai a shekarun 1820 ya fito, wanda ya sa shi ya kauce wa ainihin matsalar zamanin. Murɗaɗɗen lagwani tsaye yake yi, kansa ya yi gawayi, cikin rubu'in awa haske ya ragu sosai, hayaƙi ya ƙaru, kitse ya fara zuba ta gefe. Don haka ake da mutum na musamman mai almakashi. Mun ba shi zagaye huɗu, an ɗaura kowanne a kan sauyin fitowa, yana yanke kan lagwani ya bar kimanin santimita ɗaya. In ya yanke ƙasa da haka wutar nutsewa take a narkakken kitse.

Mun jera 12 a bakin dandamali, tazarar santimita 40, kowanne a tiren yashi da rabin gwangwani a bayansa, wanda ke mayar da haske ga 'yan wasa yana kuma tare idon 'yan kallo. Wasu 12 a gefe biyu bayan bango, 8 a zoben ƙarfe da aka rataye sama da layin farko. Waya biyu a miƙe a gaban na ƙasa saboda doguwar rigar mata, bokitin yashi da jiƙaƙƙen bargo a kowane gefe, kuma ba a kunna ko ɗaya sai an ga waɗannan a wurinsu. Mun gwada dozin ɗaya a bango irin na Tench: ana ganin jiki, ba a ganin fuska. Ko da 32 ɗin, fuska tana karantuwa ne kawai a cikin mita ɗaya da rabi daga bakin dandamali. Wannan ya fassara mana abin da ya sa rubutun ke cike da magana kai tsaye ga 'yan kallo. Ɗan wasa dole ya matso gaba, kuma da yake ɗakin duka a haske ɗaya yake, yana ganin mutanen da yake wa magana ido da ido.

Launi ma ya ba mu darasi. Shuɗi da kore duhu suke komawa a hasken kyandir, rawaya ta yi kusa da fari. Da farko mun bambanta ɓangarorin biyu da shuɗi da kore, daga layi na huɗu ba wanda ya iya raba akwatin wannan da na wancan. A fitowar akwatuna baran ne ya kamata ya ruɗe, 'yan kallo kuwa su san gaskiya, in suka ruɗe tare da shi dariya ta mutu. Sai muka ɗaure akwatin Beatrice da farar igiya, na Florindo da baƙin maɗauri, kowanne kuma ba ya barin gefen ƙofar mai shi. Riguna biyun da ke cikin akwatunan baƙaƙe ne iri ɗaya, haka Goldoni ya tsara, shi ya sa hoton Florindo da ya ba Beatrice ke faɗawa aljihunsa, littafin lissafinsa mai wasiƙunta a ciki kuma ya koma hannunta. Hoton mun yi shi girman tafin hannu da farin gefe, baran kuma yana ɗaga shi kusa da wuta yana faɗin abin da ya gani. Game da tufafi, Collins ya ce yawancinsu 'yan wasan ne suka ɗinka, mafi kyau kuma tsofaffin kaya ne daga gidan wasan York. Mu ma a kan biyu muka kashe kuɗi, rigar maza ta Beatrice da ta Florindo. Ta Beatrice in ba ta zauna a kafaɗa ba, ba wanda zai yarda Pantalone ya ruɗu.

Wasiƙar zamanin ba ta da ambulan, naɗe takardar ake yi a liƙe baki. A wurin Goldoni, bayan Florindo ya buɗe wasiƙar da ba tasa ba, baran yana tauna burodi don ya liƙe ta, yunwa na sa shi haɗiyewa. Gutsure uku muka ba shi, kowanne girman kan babban yatsa, ya haɗiye biyu, na uku ya fito da shi da ƙyar. Busasshen burodi yana shaƙe mutum ya hana shi magana rabin minti, don haka a yayyafa masa ruwa a naɗe a ƙyalle tun kafin a fara. Kowane dare wasiƙa ɗaya da takardar kuɗi ɗaya ke lalacewa, a tanadi na dukan darare tun farko da ƙari biyu.

Fitowar abinci ita ce zuciyar wasan, minti 9 a wurinmu. Taku bakwai ne tsakanin ƙofa da ƙofa, baran yana ƙetarawa sau 18, faranti takwas, huɗu ga kowane ɗaki, na kwano don kada su fashe, miya kuma mai kauri da sanyi. Mun koya ta kamar rawa, a hankali da ƙirga, kwana uku ba magana. Ƙa'idar ita ce sauri hawa yake yi mataki uku. Faranti biyun farko a natse, baran yana alfahari da dabararsa. Na uku zuwa na biyar kira yana zuwa daga ɗaki ɗaya lokacin da hannunsa ke kan ƙofar ɗayan. Sai a ukun ƙarshe iyayen gidan ke kira tare, masu kai abinci ma na kira daga kicin. A gwajin farko kowa ya fara ihu tun farantin farko, bayan minti uku ba inda za a hau, sauran shida suka zama hayaniya. Da yake iyayen gidan ba sa ganin dandamali, mai tuni ne ke ba su alama da hannu, na dama ta wani yaro da ke tsaye bayan bango. Akwai wata raha a Goldoni inda aka kawo wani abincin Ingilishi da baran bai san sunansa ba, ya ɗanɗana ya kasa bari. A gaban 'yan Ingila baƙuntar abincin ta tafi, abin da ya rage shi ne farantin da yake komawa gare shi tsakanin kowane kira. Wannan muka riƙe, mun ajiye shi a ƙasa daf da wuta a tsakiya, inda kowa ke ganin yana raguwa.

A nan ne bayanin Collins game da kuɗin shiga ya shigo aikinmu. Kujerun sama, waɗanda suka fi yawa a gidan, sule ɗaya ne, amma sau da yawa akan biya da garin alkama, nama ko barasa gwargwadon abin da manaja ya yarda ya kai sule. Ginin fam 100 daidai yake da irin waɗannan kujeru 2,000. Mutanen da ke zaune a can da abincinsu suka sayi kallo, wasunsu kuma sun ga 1790, lokacin da rabon mako ya sauko zuwa laba biyu da rabi na gari, laba biyu na naman gishiri da laba biyu na shinkafa. Yawancinsu aiki suke yi a ƙarƙashin wani ba da zaɓinsu ba. Mai wasan Truffaldino da farko ya ɗauke shi a makwaɗaici, yana lashe baki yana zare ido, 'yan gwajin kallo suka yi dariya kaɗan suka gaji da shi. Kowa ya san taura biyu ba ta taunuwa, in kwaɗayi ne ya sa shi, mai kallo jiran faɗuwarsa kawai yake. Da aka mayar da shi mutum mai jin yunwa ta gaske, wanda ke cin lomarsa da sauri yana waiwaye, yana kuma son ya yi wa iyayen gidan biyu aiki mai kyau, sai ɗakin ya koma bayansa. A ganinmu haka ya kamata a yi shi, kuma muna jin 'yan kujerun saman Sidni ba su buƙaci a yi musu bayanin wannan ba.

Haka batun duka. Bayan abinci Beatrice na dukan baran don ya buɗe wasiƙarta, Florindo ya hango, shi ma ya dake shi don ya bari wani ya taɓa baransa. Sandar wasan Italiya siraran katako biyu ne, tsawon santimita 60, a haɗe a mariƙi da ɗan tsinke a tsakani, ƙara take yi ba zafi. Bugu uku-uku muka tsaya a kai. A na huɗu dariya takan ɗauke, kuma wanda ya tuna cewa bulala hukunci ne na yau da kullum a Sidni ta lokacin zai gane dalilin taƙaita shi. An gargaɗi 'yan wasan tun wajen ba da izini cewa ƙaramin rashin ɗa'a za a lura da shi, in aka maimaita a kore su zuwa wasu sansanoni. Ɓarnar ba daga su ta fito ba. Tun dare na biyu aka fasa gida masu shi suna wurin kallo, kuma a 1798 aka rufe gidan wasan, ko da yake ya dawo, domin akwai takardar tallansa ta Maris 1800.

Fitowa ta ƙarshe mai wuya ita ce haɗuwar masoyan. Baran ya gaya wa kowannensu cewa mai hoton ko mai littafin ya mutu, kowanne ya fito daga ɗakinsa da wuƙa zai kashe kansa, mai masauki na riƙe da ɗaya, mai kai abinci na riƙe da ɗayan. Dole ƙofofin biyu su buɗe a bugu ɗaya, su biyun kuma su fito da baya, suna kokawa da masu riƙe su, har su zo taku ɗaya da juna a tsakiya kafin su juya. In ɗaya ya riga ɗaya da daƙiƙa biyu zai hango abokinsa tun daga ƙofa, abin da aka gina minti 45 ya zube. Alamar ta mai tuni ce, bugun sanda ɗaya a ƙasa. Zagayen mai almakashi na huɗu mun sa shi daf da wannan fitowa, ya fara da kyandir huɗun tsakiya, domin a nan fuskokin biyu za su tsaya, kuma nan ne kawai a duk wasan ake buƙatar na layin ƙarshe ya ga ido.